Bayan Shaharzad Ta Yi Shiru: Sharhi a kan Littafin "Layali Alfu Laila" na Najib Mahfuz

Littafin da na kawo muku a wannan fitowa na Larabci ne, sunansa Layali Alfu Laila, wato Dararen Dare Dubu. Marubucinsa mutumin Masar ne, Najib Mahfuz. Ya ɗauko labaran Dare Dubu da Ɗaya da muka sani, ya warware su, ya sake saƙa su da nasa zaren.

Da wuya a sami Bahaushe mai shekaru irin nawa da bai san Dare Dubu da Ɗaya ba, ko ya karanta fassarar Hausa, ko ya ji ana karantawa a rediyo. Kowa ya san tushen labarin: Sarki Shahriyar ya kama matarsa tana cin amanarsa, sai ya ɗauki al'adar auren budurwa kowane dare, gari na wayewa a kashe ta. Har Shaharzad 'yar waziri ta miƙa kanta, ta riƙa ja masa labari tana yankewa a daidai inda ya fi daɗi, aka kwashe dare dubu da ɗaya, ya yafe mata. A nan ake rufe littafi, kowa ya tashi yana murna. To amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: 'yan matan da aka riga aka yanka fa? Iyayensu suna nan cikin gari. Sarkin da ya yi wannan ɓarna yana nan bisa gadonsa. Wa zai biya wannan jini? Daga wannan tambaya Mahfuz ya fara nasa littafin, kuma ita ce ta sa na ga ya cancanci a yi magana a kansa.

An haifi Najib Mahfuz a shekarar 1911 a unguwar Jamaliyya cikin tsohon birnin Alƙahira, ya rasu a 2006. Ya daɗe yana aikin gwamnati, har da ma'aikatar wakafi, yana rubutu a gefe. A 1988 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi, shi ne na farko da ya same ta cikin masu rubutu da Larabci. Wannan littafi ya fito ne 'yan shekaru kafin kyautar, a tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Wani Bature mai suna Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Turanci a 1995, don haka yaranmu 'yan boko ma suna iya samunsa.

Wani zai ce, wa ya ba shi izinin taɓa labaran magabata? Amsa ita ce waɗannan labarai dama ba gadon gidan kowa ba ne. Mas'udi da Ibn Nadim, malaman ƙarni na 10, sun ambaci cewa asalin littafin na Farisa ne, ana kiransa Hazar Afsana, aka mayar da shi Larabci. Daga nan Bagadaza ta zuba nata, zamanin su Haruna Rashid, Alƙahira ma ta zuba nata. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, ya fara fitar da fassararsa a 1704, kuma labarin Ali Baba da na Ala'uddin mai fitila ba daga rubutun Larabcin da ke hannunsa ya samo su ba. Daga bakin wani saurayi Kirista mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ji su a Faris a 1709. Sai a 1835 maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar ta fitar da bugun da ya yaɗu a ƙasashen Larabawa. Kun ga ke nan kaya ne da ya daɗe yana canja hannu kamar goro daga Kurmi zuwa Arewa, kowane fatake da irin ɗaurinsa. Abin dubawa kawai shi ne, wanda ya sake ɗaurin, ya ƙara wa kayan daraja ko ya lalata su?

Littafin babi 17 ne. Yana buɗewa da asubar da Waziri Dandan, uban Shaharzad, ya tafi fada gabansa na faɗuwa, sai sarki ya shaida masa ya bar 'yarsa a matsayin mata. Gari ya ɗauki murna. Ita kuwa Shaharzad ta gaya wa ubanta a keɓe cewa ba ta farin ciki, domin duk sanda mutumin nan ya matso kusa da ita, ƙarnin jini take ji. Tun daga nan mai karatu zai gane ba tatsuniyar kwanciya barci aka zo yi masa ba.

Daga fada sai Mahfuz ya sauko da mu cikin unguwa guda. Akwai hakimin unguwa, da sakatarensa, da shugaban 'yan doka. Akwai wani gidan shan gahawa da ake kira Gahawar Sarakuna, inda attajirai ke zama bisa kujeru, talakawa a ƙasa: wanzami, ɗan garuwa, baduku, ɗan dako. Wallahi in ka karanta hirar wurin, sai ka ce teburin mai shayin bakin masallacinmu ne bayan sallar isha'i, kowa na da labarin wani, ba wanda ke da labarin kansa. Mutanen da a tsohon littafi kowa ke cikin labarinsa daban, su Sindibad da Ma'aruf da Nuruddin, nan an mayar da su maƙwabta, suna bin juna bashi, suna auren 'ya'yan juna. Wannan dabara ta yi kyau ƙwarai, domin laifin da wani ya yi a babi na biyar sai ka tarar ɗansa na girbarsa a babi na goma sha huɗu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don ni ma ɗan kasuwa ne, shi ne na Sana'an al-Jamali. Attajiri ne mai mutunci, mai salla, mai sadaka, irin wanda in ya shigo majalisa ake gyara zama. Wani dare aljani Ƙumƙam ya zo masa, ya ce sai ya kashe hakimin unguwa Ali Saluli, azzalumi da ya ɗaure aljanin da sihiri. Ba a ce masa ya yi fasiƙanci ba, ba a ce ya sha ƙwaya ba. Amma tsoro na shigarsa sai duk mutuncin ya zube. Ya koma shan abin maye, ya fita cikin dare ya yi wa yarinya ƙarama fyaɗe, ya kashe ta don kada ta tona shi. Daga baya ya kashe hakimin, aljanin ya janye jiki ya bar shi, aka sare kansa, aka ƙwace dukiyarsa, ɗansa Fadil ya koma tallan alewa.

Abin da Mahfuz ke nunawa a nan mai nauyi ne. Kirkin Sana'an kirkin cikakken ciki ne. Muddin kasuwa na ci, ba wanda ya taɓa shi, to shi mutumin kirki ne. Ya san hakimi ɓarawo ne, amma yana hulɗa da shi shekara da shekaru don kayansa su wuce lafiya. Ranar da aka jarraba shi sai ga abin da ke ƙasan buhu ya fito. 'Yan uwana 'yan kasuwa, wannan babi madubi ne. Mutum nawa ne cikinmu ake kira Alhaji mai gaskiya alhali dai ba a taɓa gwada shi da karayar jari ba?

Sai Jamasa al-Bulti, shugaban 'yan doka, abokin Sana'an, wanda kuma shi ya zartar da hukunci a kan gidansa. Shi ma ya haɗu da aljani, Sinjam, wanda ya fito daga wani ƙullin ƙarfe da ya kamo a kogi. Wannan aljani bai ba shi dukiya ba, tambaya ya yi masa: kai da ke kama talakawa da masu wa'azi kana cika kurkuku da su, su wa kake karewa? Jamasa ya ce shi umarni yake bi. Aljanin ya nuna masa wannan ba uzuri ba ne ga mai hankali. Ƙarshe Jamasa ya zare takobi ya kashe sabon hakimi, Khalil Hamadani. Da aka zo sare shi, aljanin ya musanya shi da wata sura, aka sare ta, shi kuwa ya tashi da sabuwar fuska, ya zama Abdullahi ɗan dako. Akwai wurin da yake tsayawa a ƙofar tsohon gidansa yana kallon kansa na da a rataye, matarsa da 'yarsa na wucewa ba su gane shi ba. Ban ga wurin da aka siffanta tuba da kyau irin wannan ba cikin littattafan hira: mutum ya tsaya yana duban wanda ya kasance jiya kamar gawar wani.

Mu da ke zaune a garin da ba namu ba, mun san wannan magana ta "umarni aka ba ni". Mun san yadda in abu ya faru a kasuwa ake zuwa a kwashi 'yan dako da masu tura baro a cika mota, wanda ya aikata kuwa yana gida yana shan iska. Mahfuz bai san Sabo ba, Masar yake nufi, amma ciwon iri ɗaya ne.

Game da aljanun littafin, su huɗu ne fitattu: Ƙumƙam da Sinjam masu imani, Sakhrabut da Zarmabaha 'yan ɓarna. Na lura da abu guda da ya burge ni: ba inda aljani ya kama hannun mutum ya aikata da shi. Tayi suke yi, mutum ya zaɓa. Dubi Fadil ɗan Sana'an, saurayi mai kishin gaskiya, wanda kowa ke sa ran shi zai gyara unguwa. Aka ba shi hular ɓacewa, irin abin da mu muke kira layar zana, da sharaɗi guda: ya yi duk abin da ya ga dama da ita ban da abin da zuciyarsa ta gaskiya ta umarce shi. Ya karɓa yana ganin ai ba komai, zai yi wa sharaɗin wayo. Ya fara da ɗan ɗauke kuɗi a aljihun tebur, da tsokanar mutane don dariya, aka kama wasu da laifinsa, har ya kai ga zina da kisan kai. Wannan ya yi daidai da abin da muka karanta tun muna Islamiyya, cewa Shaiɗan kira kawai yake yi, mai amsawa shi ke da laifinsa. Iyayen yara su lura: yau hular ɓacewa tana aljihun kowane yaro. Wayar da zai shiga Facebook da sunan ƙarya ya zagi wanda ya haifi ubansa, ko ya damfari baiwar Allah, ba wanda ya gan shi, ita ce hular Fadil.

Akwai kuma babin da ya sa ni dariya da hawaye lokaci guda. An ƙulla wa Ala'uddin ɗan wanzami sharrin sata, aka kashe shi bisa zalunci. A lura, ba Ala'uddin mai fitila ba ne, ɗaya Ala'uddin ɗin ne, Abu Shamat mai tabo a kumatu, wanda labarinsa ke cikin bugun Larabci. Sai Ibrahim ɗan garuwa ya tsinci dukiya, maimakon ya gina gida ya ƙara aure, sai ya kashe ta wajen shirya fadar wasa, ya sa kayan sarauta, ya tara talakawa, kowane dare ana sake shari'ar Ala'uddin ana yanke hukuncin gaskiya. Sarki na ainihi yana yawon dare cikin ɓad-da-kama ya faɗo wurin, ya zauna yana kallon wani na yin aikin da shi ya kasa. Talaka ya rasa adalci har sai da ya saye shi da kuɗinsa a matsayin wasan kwaikwayo. Wannan babi kaɗai ya biya kuɗin littafin.

To, yabon gwani ya zama dole, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina da ƙorafi huɗu.

Na farko, maganar kisa. Littafin cike yake da mutanen da suka yanke wa masu mulki hukunci da hannunsu. Gaskiya ne Mahfuz ya nuna cewa duk hakimin da aka kashe, wanda ke zuwa bayansa ba ya fin shi, wato wuƙa ba ta gyara gari. Amma kuma ya tsirar da Jamasa, ya bar shi ya ci gaba da kashe manya a ɓoye a siffar ɗan dako, daga ƙarshe ma aka mayar masa da muƙaminsa. Saurayi mai zafin kai zai iya karanta wannan ya ɗauka an ɗaure masa gindi. Malamanmu sun daɗe da yin bayani cewa zartar da haddi ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne, domin in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai zama alƙali da hauni a lokaci guda. Abin tausayi, shi kansa marubucin ya ɗanɗani wannan. A watan Oktoba na 1994 wani saurayi ya daɓa masa wuƙa a wuya a ƙofar gidansa saboda wani littafinsa na daban, Aulad Haratina, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce tun 1959. Ya rayu, amma hannunsa na dama ya sami rauni. Ko me mutum ke gani game da wancan littafi, abin da aka yi wa tsoho ɗan shekara 82 zalunci ne, kuma irin tunanin da ya haifar da shi shi ne na Jamasa.

Na biyu, tubar Shahriyar. Mun ga sarki yana nadama, ba ya barci, yana sauraron darussan da Sindibad ya kawo daga tafiye-tafiyensa, ya naɗa Ma'aruf baduku hakimi saboda ya ƙi sayar da imaninsa, daga ƙarshe ya bar gadon sarauta ya fita. Duk wannan ya yi. Amma sharaɗin tuba in akwai haƙƙin wani a ciki shi ne a mayar da haƙƙin ko a nemi yafiya. Ban ga inda Shahriyar ya taka ƙofar uwa ɗaya cikin iyayen 'yan matan nan ba. Ba diyya, ba neman afuwa, ko sunan yarinya ɗaya ba a kira ba. Tambayar da littafin ya buɗe da ita, ya bar ta a hanya ya bi damuwar zuciyar sarki. Mai kare Mahfuz zai ce ai shi ya sa bai bar shi ya tsira ba: a babin ƙarshe sarki ya shiga wani birni mai kama da aljanna, ya koma saurayi, ya auri sarauniya, sai ya buɗe ƙofar da aka hana shi, ya tsinci kansa a waje cikin masu kuka. Na yarda wannan hukunci ne. Sai dai an hukunta shi ne kan buɗe ƙofa, ba kan jinin bayin Allah ba.

Na uku, Shaharzad kanta. Matar da ta ceci 'yan matan gari da harshenta, a nan an rufe mata baki. Tana fitowa a farko, ta leƙo a tsakiya kan matsalar ƙanwarta Dunyazad, ta sake fitowa a ƙarshe. Sauran matan littafin yawancinsu ko abin sha'awa ne, ko tarko, ko masu kuka. A tsohon littafi kuwa akwai mata masu kaifin basira, kamar baiwar nan Tawaddud da ta kayar da malaman fadar Haruna Rashid a fiƙihu da likitanci da ilmin taurari. A wannan fanni tsohon ya fi sabon adalci.

Na huɗu, Shehu Abdullahi al-Balkhi, malamin unguwa. Shi ne fitilar littafin, shi ya koyar da Shaharzad, maganganunsa na zuhudu masu daɗi ne. Amma ana yanka almajiransa, har da surukinsa Ala'uddin, shi yana zaune a ɗakinsa yana magana cikin ishara. Abokinsa likita Abdulƙadir ya fi shi damuwa da halin da gari ke ciki. Malamin da jama'a ke jin maganarsa, in ya ga zalunci, akwai matsayi tsakanin ɗaukar wuƙa da yin shiru, shi ne ya je ya faɗa wa mai mulki gaskiya a fuskarsa. Wannan matsayi shi ne babu a littafin, kuma rashinsa ne ya sa mai karatu ke ganin kamar hanya biyu ce kawai.

Ba zan rufe ba sai na kawo namu gwanin. Alhaji Abubakar Imam ya yi irin wannan aiki a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Shi ma ya ɗebo daga Alfu Laila da wasu littattafan Gabas da na Turai, ya sa wa labaran riga da hula, ya ba aku aikin Shaharzad: yana ja wa Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Bambancinsu shi ne Imam ya riƙe daɗin hira da ban dariya, ka karanta da 'ya'yanka a tsakar gida, wa'azin na shiga ba ka sani ba. Mahfuz ya rage zaƙin ya ƙara ɗaci, ya juya labaran suka fuskanci fada suna tuhumarta. Imam ya tambayi yadda za a tarbiyyantar da ɗan sarki. Mahfuz ya tambayi abin da za a yi da sarkin da ya riga ya lalace. Kowanne da wurinsa, kuma tambaya ta biyu ita ce ta fi wuyar amsa.

Wa ya kamata ya karanta? Larabcinsa fasihi ne amma mai sauƙi, jimloli gajeru, hira da yawa. Wanda ya yi nisa a Islamiyya zai bi shi da ɗan taimakon ƙamus. Sunaye suna da yawa, hakimai na ta canjawa, don haka ina ba da shawara a sami takarda a riƙa rubuta wane ne wane. Ba littafin yara ba ne. Babin Sana'an da na Anisul Jalis, inda aljana ta rikiɗe mace ta tuɓe manyan gari ta kulle su a akwatuna, ba su dace da wanda bai mallaki hankalinsa ba, ko da yake bai kai tsohon littafin batsa ba, wanda har wata kotu a Masar ta sa aka ƙwace wani bugunsa a 1985. Amma magidanta, 'yan kasuwa, masu unguwanni, da duk wanda aka ba amanar mutum ko da biyu ne, ina ganin za su amfana. In an samu masu Larabci uku ko huɗu, a riƙa karanta babi guda ana fassarawa a majalisa bayan isha'i, a yi muhawara a kai, ya fi a kwana ana gardamar ƙwallo.

A ma'aunina littafi ne mai kyau da ke da giɓi, kuma giɓin nasa ma abin tattaunawa ne. Wanda ya karanta ya ga saɓanin abin da na gani, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto. Allah Ya ba shugabanninmu tsoronSa, Ya kare mu daga jarrabawar da ba za mu iya ba, Ya zaunar da unguwarmu lafiya da maƙwabtanmu.